Kukan da Na Yi a Gidan Mai Ɗori

Edita, sallama gare ka da masu karatu. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ina aji biyar a wata sakandaren maza a Jega, ina zuwa daga gida. Mahaifinmu mahauci ne, yana da teburinsa a kasuwa, yayana kuma direba ne, yana jigila tsakanin Jega da Aliero, wani lokaci har Maiyama. Ni ne shiru-shirun gidan. Ni ake turawa gaba in ja salla idan malami bai zo ba, ni iyaye ke nuna wa 'ya'yansu su ce ku dubi ɗan gidan wane. Abin da ba wanda ya sani shi ne tun ina aji uku na gane zuciyata ba ta karkata ga mata, ga maza take karkata. Ban nema ba, ban koya a wurin kowa ba, ban kuma taɓa aikata komai ba. Na yi azumin Litinin da Alhamis har Inna ta fara yi mini faɗa wai zan ƙare a tsaye, na yi addu'a iya ƙarfina, amma in gari ya waye ni ɗin ne dai. Don in samu abin cewa idan samari suna hirar 'yan mata, sai na ƙirƙiro budurwa a Kimba, na ba ta suna da wushirya da uba mai zafin rai wanda ba ya barin a zo zance.

Shekarar nan ce aka kama wasu yara biyu a ɗakin kwanan 'yan makarantar, ko in ce aka ce an kama su, don har yau ban ji wanda ya ce ya gani da idonsa ba. Shugaban ɗalibai da mutanensa suka ja su bayan ɗakin gwaje-gwaje, suka yi musu dukan da ko ɓarawon akuya ba a yi wa, suka aske musu rabin kai, wani ya ɗauka a waya. Kafin la'asar hoton ya zaga garin, har a teburin babanmu an kalla. Ranar dukan ina cikin taron a tsaye, ina tsoron in matsa gaba ina kuma tsoron in juya in tafi, kada a ce me ya sa wane ya tafi. Aka kori yaran. Na ji an ce uban ɗaya ya bar zuwa masallacin unguwarsu. Da daddare babanmu yana cin tuwo ya ce da ɗansa ne da ya fi so a kawo masa gawarsa, ni kuwa ina zuba masa ruwan wanke hannu.

Akwai wani ɗan ajinmu, mutumin Giwa Tazo ne ta wajen Maiyama, yana zaune a gidan kawunsa a Jega. Zan riƙa ce masa abokina. Mai tsaron gida ne a ƙwallo, ga dariya, ga tsokana, mutum ne da ba ya iya riƙe fushi ko na rabin yini. Shi nake so, kuma bai sani ba, ban kuma yi niyyar ya sani ba har abada. Kun dai san yadda muke a nan, aboki ya kama hannun aboki su ratsa kasuwa ba mai kallonsu, a kwanta tabarma ɗaya, a rataya hannu a wuya. Kowa yana yi ba tare da tunanin komai ba, ni kaɗai ne ba na iyawa. Da ya kamo hannuna sai in zame in ce zan gyara jaka. Ya kan ce wai ni alwalata ba ta karyewa ne shi ya sa nake ƙyamar mutane, ya kira ni liman. In yi dariya kawai.

Ranar gasar wasanni tsakanin gidajen makaranta aka yi karo da shi a bakin raga. Ƙarar ƙashin har mu da ke gefen fili mun ji ta. Ƙafarsa ta dama ta lanƙwashe a inda ƙafa ba ta lanƙwashewa, tsakanin gwiwa da idon sawu. Motar makaranta ta daɗe a kan duwatsu, malamin wasanni yana ta kiran waya ba a ɗauka. Ban san lokacin da na ruga tasha ba. Na tarar da Yaya ya kusa cika mota, na faɗa masa, bai yi musu ba ya sauke fasinjojin ya ba wani direba. Muka ɗauko abokina, aka biya aka ɗauki kawunsa, shugaban ɗalibai da wani ɗan aji shida suka shigo a matsayin wakilan makaranta. Ba wanda ya ce a tafi asibiti. Karaya ce, kuma Aliero na nan kusa, kowa ya san can ake kai ta.

Wanda bai taɓa shiga gidan mai ɗori ba bari in gaya masa yadda ake yi. Ba allurar kashe zafi. Za a zaunar da mai karayar a tabarma, maza su danne shi, mai ɗorin ya shafa mai, ya tofa addu'a, sannan ya ja ƙafar ya mai da ƙashin mazauninsa, ya jera kara ya ɗaure. Aikin masu dannewa shi ne kada mutum ya motsa. Mai ɗorin, wani tsoho, ya dube mu ya raba mana aiki. Kawun ya kama lafiyayyar ƙafar, Yaya ya danne cinya, 'yan aji shida suka riƙe hannuwa. Saura wanda zai zauna a bayansa ya rungume ƙirjinsa, ana kuma son wanda ya fi sabawa da shi, don ya riƙa yi masa magana a kunne. Abokina da kansa ya ce liman ya zo. Na so in ce ba zan iya ba, to da wane dalili? Na zauna, na zagaya hannuwana na riƙe shi, karo na farko ke nan tun da na san shi.

Da tsohon ya ja ƙafar, abokina ya yi wata irin ƙara, ni kuma duk abin da na shekara biyu ina dannewa ya ɓalle. Na fashe da kuka, ba irin hawayen tausayi da namiji ke sharewa da bayan hannu ba, kuka sosai mai shessheƙa. Na kifa fuskata a kansa ina kiran sunansa, ina cewa da ma ni ne, da ma ƙafata ce. Na fi mai karayar kuka. Aka gama ɗauri, kowa ya saki ya miƙe, ni ban saki ba. Sai da tsohon ya ce, "Yaro, sake shi hakanan, an ƙare," ya kuma maimaita, sannan na dawo hayyacina. Na ɗaga kai na ga shugaban ɗalibai ya kalli abokin tafiyarsa. Yaya kuwa ni yake kallo, kallon da ban taɓa gani a fuskarsa ba. A hanyar dawowa ko rediyon motar bai kunna ba.

Mai hankali da ya tsaya nan. Ni ban tsaya ba. An bar abokina a ɗaya daga ɗakunan jinya na gidan, wata gwaggonsa ta zo daga ƙauye tana kula da shi. Mutane suna cewa romon ƙashi yana sa karaya ta yi saurin kamawa, mu kuwa ƙashi ba abin nema ba ne a gidanmu. Na roƙi Inna ta riƙa dafa mini ƙafar saniya, in an tashi makaranta in zuba a kula in hau motar masu albasa in tafi Aliero, in dawo kafin magariba. Ba na shiga motar Yaya. In na je ba abin da muke yi sai hira a gaban gwaggon, in karanta masa abin da aka koyar, ya yi ta tsokanata wai ranar ɗori har majina na zuba masa a kai. Shi abin dariya ya ɗauke shi. Gwaggon tana ta sa mini albarka. Wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar waɗannan yammacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro kamar su ba.

Maganar ta fara ne da wasa. In na shigo aji wani ya ce amarya ta kai wa maigida abinci jiya? A yi dariya, ni ma in yi. Daga nan aka daina dariyar. Wanda muke zama benci ɗaya ya koma baya. Da lokacin azahar ya yi na matsa gaba kamar kullum, sai wani ya riga ni ya ta da kabbara, ba wanda ya dube ni. Wani ɗan Kimba ya tsaya a gaban mutane ya ce shi duk garinsu bai san mai wushirya mai wannan suna ba, in faɗi gidan su wa take. Na yi ta kame-kame. Ran Talata shugaban ɗalibai ya tare ni a bakin famfo, ya ce cikin sanyin murya ran Alhamis bayan an tashi suna son ganina a bayan ɗakin gwaje-gwaje, akwai tambayoyin da zan amsa, in kuma ban zo ba su za su zo gidanmu su yi tambayar a gaban babana. Ya ƙara da cewa in ƙafar wancan ta warke shi ma zai amsa nasa.

Wannan kalma ta ƙarshe ta fi komai tayar mini da hankali, domin yaron nan bai san hawa ba bai san sauka ba. Na kasa cin abinci. Na yi tunanin in gudu Sakkwato, na yi tunanin abin da ya fi gudu muni, Allah Ya yafe mini. Ran Laraba na fito daga makaranta sai na ga motar Yaya a bakin ƙofa, ba fasinja ko ɗaya. Ya ce in shiga. Bai nufi gida ba, bai nufi tasha ba, ya ɗauki hanyar Maiyama. Muka yi ta tafiya har gidaje suka ƙare, ya gangara gefen wata gona ya kashe mota. Ashe ƙanen wani yaron mota ɗan makarantarmu ne, maganar ta riga ta isa tasha.

Yaya ya kalli gilashi ya ce, "Abin da nig gani ran nan gidan ɗori, da abin da nika ji yanzu, gaskiya na?" Na buɗe baki in rantse, don na shirya rantsuwar tun a hanya, sai ta ƙi fita. Na sunkuyar da kai kawai. Ya tambaye ni ko na taɓa aikata wani abu da yaron ko da wani, na ce wallahi tallahi ban taɓa ba. Ya tambaya ko yaron ya sani, na ce bai sani ba. Ya ce tun yaushe, na faɗa masa. Sai ya daki sitiyari da tafin hannu har hon ya yi ƙara, wasu mata da ke tsintar itace suka waiwayo. Na rufe ido ina jiran mari, ina ma fatan ya mare ni. Bai taɓa ni ba. Da na buɗe ido na ga ya kifa goshi a kan sitiyarin, kafaɗunsa suna rawa.

Da ya ɗago ya ce, "Ban tambaye ka komi ba, kai ma ba ka hwaɗa min komi ba. Kada ka sake hwaɗa ma kowa, har ni." Ya ce gobe in je inda suka kira ni, kada in yi gardama da duk abin da zan ji ya faɗa. Sharaɗinsa ɗaya ne, ƙafata kada ta sake taka Aliero, kuma ni da yaron nan sai gaisuwa daga nesa. Na ce to. Me zan ce in ba to ba?

Ran Alhamis na tafi bayan ɗakin gwaje-gwaje. Sun fi yadda na zata yawa, wasu da bel a hannu, na kuma hango wayoyi an riga an ɗaga. Shugaban ɗalibai ya fara da cewa in gaya musu me ke tsakanina da mai karaya. Kafin in amsa sai ga Yaya ya zagayo, da malamin ladabtarwa a gefensa da wasu direbobi biyu manya daga tasha. Ya shigo yana faɗa tun daga nesa, amma ni yake yi wa. Ya ce shi ne yake aikena da romo, domin shi ya ɗauki yaron a motarsa, ya ga maraya ne ba mai kawo masa komai, ya ɗauki abin a matsayin sadaka. Ya ce ga shi ragon banza ya ja masa magana a gari. Sannan ya juya ga taron ya ce in don kuka ne, ai ba su san ni ba. Ya ce ɗan mahauci ne ni amma ko kaza aka yanka sai na ɓuya a bayan Inna, wai ranar layya suma na yi da na ga jinin rago sai da aka zuba mini ruwa, wai babanmu ya haƙura da ni ya ce wannan sai dai boko. Ya kwaikwayi yadda nake kuka, har da murguɗa baki. Direbobin suka fashe da dariya, malamin ya dara, taron duka ya ɗauka. Ƙarya yake yi, ni nake taya babanmu fiɗa tun ina firamare. Na tsaya ana nuna ni ana dariya, ina ganin wayoyin suna sauka ɗaya bayan ɗaya. Malamin ya kore su ya ce kowa ya kama gabansa. Daga ranar sunana ya koma mai suman rago, na kuma karɓi sunan hannu bibbiyu.

Na cika alkawari. Abokina ya aiko gwaggonsa har gidanmu ta tambaya ko lafiya, na sa aka ce ba na nan. Ya kira wayar Inna, na ce a ce ina karatu. Da ƙafar ta fara kamawa aka wuce da shi Giwa Tazo, bai dawo makarantar ba, na ji ya ƙarasa a Maiyama. Saƙonsa na ƙarshe da ya iso ni ta bakin wani ɗan ajinmu shi ne a tambayi liman laifin me ya yi masa. Ban ba da amsa ba. Na san ya tafi da tunanin na gaji da jinyarsa ne, kuma gara ya tafi da wannan da a ja shi bayan ɗakin gwaje-gwaje da sanda a hammata. Duk da haka abin yana ci na har gobe.

Shekaru sun wuce. Na gama karatu, ina aiki a wani gari da ba zan faɗa ba. Babanmu ya rasu yana sa mini albarka, bai san komai ba. Yaya bai taɓa tayar da maganar ba ko da ido, ko da muka yi saɓani a kan gado bai yi mini gori ba. In Inna ta matsa mini da zancen aure shi yake cewa a bar shi ya samu abin hannu tukuna. Na ɗauka a raina cewa duk duniya ina da mutum ɗaya da ya san ni kuma bai guje ni ba. Bara babban ɗansa ya samu gurbin karatu a garin da nake. Yaron nan a hannuna ya koyi tafiya. Murna ta kama ni, na share ɗayan ɗakina, na sayi katifa da teburin karatu, na kira Yaya na ce masauki ya samu. Ya ce to, za a duba. Sai ji na yi an sauke yaron a gidan wani direba abokinsa, mai iyali cike da gida, inda yake kwana a zaure. Da na je Jega na same shi a tasha, na ja shi gefe na tambaye shi dalili. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Ka san dalili. Don Allah kada ka sa ni in hwaɗi."

Ban yi masa gardama ba, mutumin da ya tsaya mini ranar da ba mai tsaya mini. Amma Edita, dukan da na tsallake a makaranta ban ce zai kai zafin wannan magana ba. Ban taɓa cutar da ɗan kowa ba, ban taɓa tunanin haka ba, kuma shi ya fi kowa sani.

Ban rubuto don in yi jayayya da malamai ba, ni ma a gaban Allah nake kamar kowa, Shi ya san abin da na ɗauka da yadda na ɗauke shi. Abin da na koya shi ne yaro zai iya zama a tsakiyar gida, yana ja wa mutane salla, yana zuba wa ubansa ruwa, alhali tsoro yana cinsa ba wanda ya lura. Iyaye, ku auna abin da kuke faɗa a kan 'ya'yan wasu a gaban naku, ba ku san wanda ke saurare ba. Malamai, kada ku bar yara su zama alƙalan junansu a bayan aji, zargi kawai ya isa ya rusa gida. 'Yan makaranta masu saurin ɗaga waya, hoton da kuka ɗauka ba ya gogewa, kuma wanda ke ciki yana da uwa. Kai kuma yaron da ke karanta wannan gabanka yana faɗuwa, ka kula da kanka, kada tsoro ya kai ka ga cutar da ranka, ba kai kaɗai ba ne. Ga 'yan'uwa irin yayana kuwa, Allah Ya saka muku da rufin asirin da kuka yi, amma ku sani wanda kuka rufa wa yana gane ranar da kuka fara tsoronsa. Ɗan Yaya yakan zo gaishe ni ran Juma'a, ya zauna a falo ya sha ruwa, in ya ɗan jima sai ya duba waya ya ce babansa ya ce kada ya daɗe. Bai taɓa ganin ɗakin da na gyara masa ba, ni ma na daina buɗe shi.